Takin da Na Jibge a Hanyar Ruwa

Ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne tafkin da ke cikin kwarin garinmu, kudu da Gure, wanda in damina ta yi kyau ƙato ba ya jefa ƙwallon goriba ya ƙetare shi. Tuddan rairayi ne suka kewaye kwarin ta ko'ina. A ƙasa akwai goriba da dabino da lambunan rogo da albasa, a tsakiya kuma tafkin. Duk ruwan da ya sauka a gonakin tudu, can yake gangarawa.

Shekarun baya mutanen gari suka haɗa kai aka kawo ƴaƴan kifi cikin manyan robobi aka zuba, karfasa da tarwaɗa. Mu ba masunta ba ne, kakanninmu kanwa suka sani da gero, amma muka koyi abin da sauri. Aka kafa doka: daga ruwan farko har a gama shigar da amfanin gona, babu mai jefa ƙugiya. Ranar da bulama, wato mai garinmu, ya buɗe ruwa, kowane gida yana samun rabonsa, har gidan tsohuwar da ba ta da mai shiga mata ruwa. Wannan ranar ce kaɗai a shekara za ka bi gari ka ji ƙamshin suya yana fitowa daga kowane zaure.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, gari duka Mushe suke ce mini, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, har surukata. Ina da gonar gado a kan gangaren da ke fuskantar tafkin, da ɗan lambu a ƙasanta. Kuma ina da wani hali da ba na so a faɗa mini, amma tunda ni ke riƙe da alƙalami bari in faɗa da kaina: ba na son wanda bai zauna a aji ba ya gyara mini magana.

Akwai wani Bafillace daga wajen Bune da ke sauka a gonata kowace shekara bayan girbi. Tun zamanin mahaifina ake haka. Shanunsa su ci kara, su kwana a gonar su bar mini taki, ni kuma in ba shi damman gero. Matarsa takan kawo wa matata nono da man shanu, su zauna su yi ta hira kamar uwarsu ɗaya. Mu Mangawa reshen Barebari ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Babarbare da Bafillace. Ban taɓa jin ya kira ni Mushe ba. Daga nesa zai ɗaga sanda ya ce, “Bawana, ka share wa ubangidanka masauki?” Ni kuma in ce, “Bawan da ya gudu ya dawo, yunwa ta koro shi.” Sai mu rungume juna. Ya girme ni da kusan shekara goma, siriri ne, ba ya ɗaga murya ko da saniya ta taka shi.

A shekarar da zan ba da labari, kwaɗayi ya kama ni. Na ga masarar wani a lambunsa ta fi tawa, raina ya ƙi yarda. Yadda aka saba shi ne a bar taki inda dabba ta zubar, ko a rarraba shi ƙananan tsibi ko'ina cikin gona, ƙasa ta sha a hankali. Ni na ce wannan aikin mutanen da ne. Na sa aka kwashe takin makwancin shanun kaf, na ƙaro amalanke bayan amalanke daga turakun tumakin cikin gari, na jibge duka wuri ɗaya a gindin gonar, kusa da lambu, don in riƙa ɗiba ba wahala. Tulin ya fi ni tsayi. A gefensa na kafa ƴar rumfa ta zana, na jingine buhunan farin takin zamani da na sayo a Gure. Wurin kuwa ɗan zurfi ne mai shimfiɗa, shi ya sa amalanke ke iya shiga. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya shimfiɗa shi haka ba.

Abokina ya sake biyowa da bazara, kamar yadda ya saba, yana shayar da shanu a tafkin yana jiran ciyawa ta fito a arewa. Ya zo ya tsaya a gaban tulin, ya saƙala sanda a kafaɗa, ya daɗe yana kallo.

“Bawana,” ya ce, “wa ya ce ka gina wa kashin shanu gida a kan hanyar ruwa?”

Na ce, “Wace hanyar ruwa? Ka ga ruwa a nan?”

“Dubi rairayin. Ka ga yadda ya kwanta? Nan yake bi. Ka matsar da abin nan sama tun hadari bai haɗu ba.”

Na yi dariya na ce yau ga Bafillace zai koya wa manomi noma, gobe kuma sai ya zo lakwal ya karɓi allina. Shi ma ya yi dariya, ya ce bawa ba ya jin magana sai da bulala, ya kora shanunsa ya wuce. A raina na ce zan matsar, amma ba yau ba, kada ya ce don shi na yi.

Ruwan farko ya zo da la'asar, ina cikin aji, kuma ya zo da ƙarfi irin wanda ba ka jin muryar ɗaliban da ke gabanka saboda ƙarar kwano. Da ya ɗauke na nufi gona da gudu. Babu tuli. Wata baƙar hanya ce kawai ta tsaga daga inda yake, ta ratsa gefen lambuna ta faɗa tafki. Rumfar ta kife. Buhunan na same su cikin ciyayin bakin ruwa, a yashe, takin ya narke kamar gishiri a miya. Na tsince su na ninke na kai gida, don buhu abin amfani ne. Wallahi a ranar ba ɓoyewa nake yi ba, asarata kawai nake wa kuka. Ko sau ɗaya ban tuna da kifi ba.

Cikin ƴan makonni ruwan tafkin ya juya kore, ya yi kauri kamar miyar kuka. Mata suka fara ƙorafi cewa wanki ba ya fita. Da aka yi maganar a majalisa, ni ne na gyara zama na yi bayani, na ce wannan koren abincin kifi ne, bana za mu ga karfasa kamar tafin hannu biyu. Aka ce Mushe ya faɗa. Na ji daɗin yadda aka gyaɗa kai.

Sai aka yi kwana uku sama a rufe, ba rana ba ruwa, ba ko iskar da za ta motsa ganyen kaba. Zafi mai ɗanko. A rana ta huɗu muna fitowa daga sallar asuba muka ji wata mata tana salati daga wajen kwari.

Abin da na gani ba zai bar idona ba har in shiga ƙasa. Fuskar ruwan gaba ɗaya bakuna ne. Karfasa manya da ƙanana sun taso sama, suna buɗe baki suna rufewa, ba sa gudun mutum, ba sa gudun tsuntsu. Mutum zai miƙa hannu ya ɗauka kamar ya ɗauki takalminsa. Kafin hantsi sun fara juyewa, fararen cikkuna suka rufe gefen ruwan. Tarwaɗa ce kawai take ta kai da komo a tsakaninsu, ta fito ta haɗiyi iska ta nutse. Wata tsohuwa ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Bulama ya hana kowa ci, ya ce ba a san abin da ya kashe su ba, aka haƙa rami aka yi ta kwasa da kwanduna.

Ina cikin masu kwasar. Da na sunkuya na tsoma kwando, warin da ya taso daga ƙasan ruwan ya bugi hancina, na san shi. Warin tulina ne bayan ya sha ruwa. Na ɗaga kai na dubi inda baƙar hanyar nan ta shigo tafki, ciyawa ta riga ta rufe ta, tsanwa shar, ta fi ta ko'ina tsayi. Ban san yadda taki zai kashe kifi ba a lokacin, wannan gaskiya ne. Amma hancina ya riga kaina sani, kuma na ƙi tambayarsa.

Da yamma aka taru a gindin aduwar ƙofar bulama. Wani ya ce jiya ya ga Bafillacen nan yana wanke shanunsa da maganin kaska a kwari. Wani ya fito da kwalbar maganin, babu komai ciki, ya ce a can ya tsinta. Aka aika aka kira abokina. Ya zo ya durƙusa ya gaida mutane, ya ce e, ya wanke, kamar yadda yake yi kowace shekara. Ya ce da bokiti ya ɗebo ruwa ya kai bayan goriba, nesa da tafki, kuma ko ɗigo bai koma ba.

Wani dattijo ya ce, “Ruwa dai ba ya tsami banza. Jiya ka wanke, yau kifi ya mutu.”

Hayaniya ta tashi. Bulama ya ɗaga hannu, sannan ya juyo wajena.

“Mushe, kai ne mai masaukinsa, kuma kai ne ka yi karatu a cikinmu. Maganin kaska yana kashe kifi, ko ba ya kashewa?”

Na ce, “Yana kashewa.”

Ban yi ƙarya ba. Na sha gaya wa kaina haka a shekarun da suka biyo baya, kuma har yau in ka tambaye ni zan ce yana kashewa. Amma akwai sauran magana a bakina, na ji nauyinta a kan harshe, na haɗiye ta. Da na ce, “Sai dai ni ma akwai abin da ya shiga ruwan nan daga gonata,” da an tsaya an yi tunani. Na dubi fuskokin mutanen da suka yi makonni suna haƙuri da kifin da ke gabansu, na tuna ni ne na ce musu koren ruwan albarka ne, sai tsoro ya kama ni. Ba tsoron duka ba. Tsoron a yi mini dariya, a ce ga mai ilimin nan.

Abokina ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina zana ƙasa da tsinke, da na ɗago yana nan yana kallona.

Aka yanke cewa shanunsa ba za su ƙara shan ruwan tafkin ba, kuma ba zai ƙara sauka a gonakin garin ba. Ya ce to, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Kashegari ya ɗaure kayansa a kan jakai ya yi arewa, wajen Alakoss, ciyawa ba ta ma gama fitowa ba. Matata ta bi matarsa har bayan gari da ƙullin daddawa da kuka. Da ta dawo ta tarar da ni ina gyaran littattafan ɗalibai.

Ta ce, “Malam, ba ka yi masa rakiya ba.”

Na ce aiki ya yi mini yawa. Ta dubi buhunan nan da ke ninke a kan rumbu, ta dube ni, ta shige ɗaki. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, kuma daga ranar ba ta taɓa zuba komai cikin buhunan ba, har rana ta cinye su.

Aka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni na taka nawa na tsaya a kai shekara biyu cur. In an yi zancen kifin a majalisa sai in tashi in ce zan yi alwala. Bayan girbi kara ya tsaya a gonata ba mai ci, na sayar da shi ga masu amalanke. Tarwaɗa ta ci gaba da rayuwa a tafkin, amma ranar buɗe ruwa ta zama abin kunya, gida uku suna raba abin da gida ɗaya ke samu a da.

Sai aka kira mu malamai wani taron ƙara wa juna sani a Damagaram, kan yadda za mu koyar da yara kula da muhalli. Na je ne don sauya iska, ba don komai ba. Wata mata da ta karanci harkar ruwa ta haska mana hotuna a bango. Ta nuna bakin teku a wasu ƙasashe masu nisa, inda manyan koguna ke shiga. Ta ce takin da manoma ke zubawa fiye da abin da shuka za ta ci, ruwan sama yana wanke shi zuwa kogi, kogi ya kai teku. A can sai ya ciyar da wasu ƙananan tsirrai na cikin ruwa, su yi yawa har ruwa ya zama kore. In suka mutu suka nutse suna ruɓewa, ruɓar tana cinye iskar da ke cikin ruwan, wadda kifi ke shaƙa. Mai iya gudu ya gudu, wanda ba ya iyawa ya mutu a wurin. Ta ce akwai wuraren da masunta ke jefa koma su jawo ta wayam, ruwa ne har iyakar gani amma babu rai a ƙasansa, kuma manomin da ya jawo haka yana can nesa, bai taɓa ganin teku ba.

Sai da ta faɗi wannan na ji kamar ta kira sunana a cikin mutane.

Da aka fita shan iska na same ta a gefe. Na ce ina tambaya ne saboda wani gari da na sani. Na ce in tafki ya yi kore, aka yi kwanaki ba rana ba iska, karfasa ta taso da asuba ta mutu amma tarwaɗa ta tsira, me ke nan? Ta ce wannan ai ba sai an je an gani ba, iska ce ta ƙare a ruwan. Tarwaɗa tana iya fitowa ta shaƙa daga sama, karfasa ba ta iyawa. Na ce to in maganin kaska ne fa aka zuba? Ta ce da guba ce, da wuya ta zaɓi wani ta bar wani. Sannan ta tambaye ni ko akwai turke ko gona mai taki a saman tafkin. Na ce zan bincika.

Ka ga halin nawa? Har a nan ma “zan bincika” na ce. Na dawo gida da maganar a cikina kamar ƙaya, na ƙara yin wata huɗu ina juya ta.

A kasuwar Gure na gamu da shi, wajen da ake sayar da dabbobi. Na hango shi daga baya na gane shi da tsayuwarsa, sanda a kafaɗa. Yana riƙe da igiyar wata jar karsana. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na yi niyyar in bi ta bayan raƙuma in sulale, ƙafata ta ƙi. Na je na yi sallama.

Ya juyo ya amsa, ya miƙo hannu. “Mushe. Ina gajiya? Ina iyali?”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Shekara ashirin da wani abu bai taɓa kirana da wannan sunan ba.

Muka koma inuwar wata rumfa muka tsuguna. Na tambayi shanu. Ya ce alhamdu lillahi, sun ragu. Ya ce rijiyoyin can suna da zurfi, kuma masu su suna da yawa, baƙo sai an gama yake sha. Ranin farko ya rasa tsofaffin da ba sa jure tafiya. Bai faɗa da zafi ba, kamar mai ba da labarin farashin gishiri. Sai na fara. Na gaya masa tulin, da buhunan, da matar Damagaram, da tarwaɗar da ta tsira. Ina magana ina kallon ƙafafunsa. Na ce ba maganinsa ba ne, takina ne, ya yafe mini don girman Allah.

Ya sosa wa karsanar wuya. Can ya ce, “Ai na sani.”

Na ce, “Tun yaushe?”

“Tun ranar. Ni ban san teku ba, ban san iskar cikin ruwa ba. Amma na ga inda ka ajiye abin, na ga inda ya bi, kuma shanuna sun fara ƙin ruwan tun kafin kifi ya mutu.”

“To me ya hana ka faɗa a gaban bulama?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya hana shi cin mushe. Ya ce, “Na ci geron gidanku tun mahaifinka yana da rai. In tsaya cikin mutane in nuna mai masaukina da yatsa? Kai nake jira. Sau uku na dube ka.”

Ni sau biyu na gani. Na ukun ina zanen ƙasa.

Ya ce ya yafe, duniya nawa take. Da na tashi tafiya ya riƙe hannuna ya ce, “Amma ba ni za ka gaya wa ba, ni na sani. Ƴaƴana suna bi ta wajen garinku ana nuna su ana cewa ga ƴaƴan wanda ya kashe kifi. Ka gaya wa waɗanda ba su sani ba.”

Ranar Juma'ar da ta biyo, bayan an sallame, na roƙi bulama ya tsayar da mutane a gindin aduwar nan. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Na shirya a zage ni, na shirya a ce in cika tafkin da ƴaƴan kifi ni kaɗai, har na gaya wa matata in an ce mu bar lambun za mu bari. Na tsaya na faɗi komai tun daga amalanken farko. Na ce mutumin da muka kora ba shi da laifi, ya ma gargaɗe ni na yi masa dariya.

Ban kai ƙarshe ba dattijon nan da ya ce ruwa ba ya tsami banza ya katse ni. Ya ce, “Haba Mushe, ai ba da gangan ka yi ba. Tsautsayi ne.” Wani ya ce abin da ya wuce ya wuce. Wani ya ce ai irin wannan faɗin gaskiya sai mai ilimi, Allah ya ƙara girma. Bulama ya ce a kiyaye ajiye taki a hanyar ruwa, kuma in Bafillacen yana so ya dawo, ruwa na Allah ne. Aka shafa fatiha. Mutane suka saka takalma suna zancen farashin albasa. Duka abin bai kai tsawon shan shayi ɗaya ba. Shi an kore shi da iyalinsa da dabbobinsa a kan kwalba ɗaya, ni kuma an gode mini.

Na tafi gida ina jin kunyar da ta fi ta ranar farko.

Na aika masa da saƙo ta bakin wani mai kai kanwa arewa. Na ce an wanke sunansa a gaban kowa, gona tana jiransa, bana ba zan sayar da kara ba. Bayan girbi na share makwancin shanun, na gyara inda matarsa ke kafa bukka, matata ta ware damman gero. Kara ya tsaya har ya fara zubewa da kansa.

Da mai kanwar ya dawo ya zo ƙofar gidana da ƴar ƙwarya a rufe da faifai, man shanu ne, ya ce matar abokina ta ce a ba matata. Na ce shi fa, me ya ce?

Ya ce, “Ya ce a gaida Mushe da kyau. Ya ce shanunsa sun saba da wata rijiya.”